Ɗarin Hunturu da Wutar Cikin Ɗaki

 Dawa ta shiga rumbu, an ɗaure harawa, masu rake kuwa sun soma kai kaya kasuwar Makarfi. Daidai wannan lokaci ne iska take juyawa. Daga watan Nuwamba sai ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura, ba ta sakinmu sai wajen ƙarshen Fabrairu. Ba wanda za mu gaya wa yadda take. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, yara su tashi da majina, tsofaffi su ƙi fitowa sai hantsi. A wannan fitowa muna so mu tattauna yadda gida zai ƙetare waɗannan watanni lafiya. Gama kowace shekara hunturu yakan yi mana ɓarna, yawancin ɓarnar kuwa tana biyowa ta wutar da mu da kanmu muke shigarwa ɗaki don mu kore shi.

INDA ƊARIN YAKE FITOWA

Iskar hunturu daga Hamada take tasowa. Yawancin ƙurar da take kawo mana daga wani kwari ne da ake kira Bodele, a ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi. Dā can wurin babban tafki ne, ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Ita ce muke gogewa a kan kwanuka da safe. Ɗarin asuba kuwa dalilinsa dabam ne. Da damina akwai gajimare da laima a sama, suna zama kamar mayafi a kan ƙasa, su tare zafin da ta sha da rana. Da hunturu ba gajimare, iskar kuma a bushe take, sabili da haka da zarar rana ta faɗi sai ƙasa ta yi ta sakin zafinta har gari ya waye. Shi ya sa ɗari ya fi tsanani gab da fitowar rana.

A ƙasar Zazzau, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 12 ko 14 da asuba, waɗansu ranaku ma ƙasa da haka, sa'an nan da tsakar rana ya hau kusan 30. Jiki ɗaya ne yake shan duka biyun a yini ɗaya. Masu kwana a bakin fadama suna gadin tumatir ko injin ban ruwa sun fi kowa sha, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi ta taru a kwari.

Wanda ya ji labarin ƙasashen Turai, inda ruwa yake daskarewa a cikin famfo, ƙanƙara ta rufe ƙofar gida, zai ce namu ai wasa ne. Ruwa ba ya daskarewa sai ma'auni ya kai 0, mu kuwa ba mu kaiwa nan. Amma ga wani abin lura. A shekarar 2003 an buga wani bincike da ya gwada ƙasashen Turai 14, aka ga ƙaruwar mace-mace lokacin sanyi ta fi yawa a Fotugal, ƙasar da sanyinta yake da sauƙi, fiye da Finlan wadda ƙanƙara take rufewa wata da watanni. Babban dalili kuwa, mutanen Finlan sun gina gidajensu domin sanyi, na Fotugal ba su yi ba. Mu ma haka muke. Duk ginin da muke yi, zafin bazara muke tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ɗakin da mutane ke zaune lokacin sanyi ya gaza digiri 18. Ɗakin kwano marar silin ba kullum yake kai haka da asubar Janairu ba.

ƊAKIN KAKANNINMU DA NAMU

Sau da yawa in muka tsawata a kan kwana da wuta, sai wani dattijo ya ce, ai iyayenmu da kakanninmu da wuta suka kwana, ba abin da ya same su. Akwai gaskiya a maganarsa, amma mu dubi irin ɗakin da suka kwana a ciki. Bangon ƙasa ne mai kauri, wanda yake shan rana yini guda, ya riƙa sakin ɗumi a hankali da dare. A sama jinka ne na ciyawa, yana riƙe ɗumi, amma hayaƙi yana ratsa shi ya fita. Ƙofa kuwa asabari ce ko tufaniya, iska tana shiga ta gefe. Watau ɗakin yana numfashi. Ko da an bar gungume yana ci a tsakar ɗaki, muguwar iska tana samun hanyar fita.

Yanzu kuwa mun samu ci gaba, mun yi ginin bulo, mun yi daɓen siminti, mun rufa kwano, mun sa ƙofar ƙarfe da taga mai rufuwa gam. Kwano ba ya riƙe zafi. Da rana ya gasa mu, da dare ya huce cikin sa'a guda. Daɓen siminti kuma janye ɗumin jikin mai kwanciya yake yi. Don haka sabon ɗaki ya fi tsohon sanyi, mai ɗakin sai ya cusa tsummoki a kowace kafa, ya kawo kaskon gawayi, ya kulle ƙofa. Al'adar ta kakanni ce, amma ɗakin ba nasu ba ne.

Gyaran ɗakin ba shi da tsada kamar yadda muke zato. Abu na fari, a sa wani abu tsakanin kwano da masu kwana. Wanda ba shi da kuɗin silin na kanti, zana mai kyau ko tabarmin kaba da aka ɗaure a ƙarƙashin katako suna yin aikin, da bazara ma za a ji daɗinsu. Sa'an nan a tuna ta inda iska take zuwa. Taga ko kafar da take fuskantar arewa ko gabas ita za a toshe. Ta kudu ko ta yamma a bar mata 'yar hanya ko da yaushe. In dangar gida ta arewa ta faɗi, yanzu da kara yake a wadace lokacin tashe ta ne. Masu jeren darbejiya ko zogale a wannan gefe sun riga sun san amfaninsu.

Shimfiɗa ta ƙasa ta fi mayafi na sama muhimmanci, mutane da yawa ba su lura da wannan ba. Yaro a kan tabarma ɗaya bisa siminti, ko an lulluɓe shi da bargo biyu, sanyi yana shigarsa ta ƙasa. Gadon kara, ko buhunan da aka cusa wa busasshiyar ciyawa, ko kwali biyu a ƙarƙashin tabarma, duk suna raba shi da daɓen. Game da tufafi kuma, riguna marasa kauri biyu ko uku a haɗe sun fi guda mai kauri riƙe ɗumi. A sa wa yara hula da safa. Akwai wata dabara da muka ga tana aiki. Bayan an sauke tuwon dare, a ajiye dutse ko jan bulo a gefen murhu ya yi zafi, a naɗe shi da tsohon zane, a sa a shimfiɗa kafin a kwanta. Zai ɗumama wurin ba tare da hayaƙi ko harshen wuta ba. Sai dai kada a jingina shi da fatar jariri, ko ta tsohon da ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai.

GAWAYI A RUFAFFEN ƊAKI

A nan za mu daɗe, domin nan ne rai yake salwanta. Duk abin da ake ƙonawa, gawayi ne, itace ne, kananzir ne ko fetur, in iska ba ta ishe shi ba, yana fitar da wata guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Mutum yana shaƙarta bai sani ba. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar kirki har sau 200 da ɗoriya, sai ya zama jinin yana zagaya jiki amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Mai barci ba ya farkawa ya gudu. Barcin ne yake ƙara nauyi.

Kuskuren da ya fi yawa a cikinmu shi ne na cewa in gawayi ya gama hayaƙi, ya yi ja, to ya zama lafiya a shiga da shi. Uwargida takan hura kasko a tsakar gida, ta jira hayaƙi ya wuce, sa'an nan ta kai ɗakin yara da kyakkyawar niyya. Jan garwashin nan da ba ya hayaƙi yana fitar da gubar har ya mutu. Hayaƙi ma aƙalla yana gargaɗi, yana sa mutum ya tashi ya buɗe ƙofa. Garwashi ba ya gargaɗi.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, da rikicewar tunani. Sun yi kama da na zazzaɓi, shi ya sa ake ruɗewa. Amma ga yadda za a gane. In mutum biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai iri ɗaya, in kuma ciwon yana sauƙi sa'ad da suka fita waje, to a tuhumi kaskon. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su bayyana wannan a taro, domin akwai wata ɓarna ta biyu da takan biyo baya. In aka wayi gari aka tarar da iyali a kwance ba rauni a jikinsu, ba ƙuna, sai zargi ya tashi. A ce sammu ne, ko a ce an sa guba a tuwon dare, a nuna maƙwabciya ko matar ɗan'uwa da yatsa. Zumunci yakan lalace har abada a kan abin da kaskon gawayi ya yi.

In an tarar da mutum a wannan hali, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili nan da nan, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa madara ko manja ko wani jiƙo alhali bai farfaɗo ba, zai shaƙe. A kai shi babban asibiti mafi kusa, na Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi, a kuma gaya wa ma'aikata cewa akwai gawayi a ɗakin, gama maganinsa iskar oksijin ce. Ko ya farfaɗo a hanya, a ƙarasa da shi. Mai ciki kuwa tilas ne likita ya duba ta, domin abin da ke cikin ya fi ta jin gubar.

Shawararmu ke nan. A ji ɗumi a tsakar gida ko a zaure da yake buɗe. In lalle sai an ɗumama ɗaki, a shigar da kasko da wuri, ƙofa a buɗe, babba yana zaune, sa'an nan a fitar da shi waje kafin kowa ya kwanta. Janareta kuma kada a tayar da shi a ɗaki, ko a zaure, ko a gindin taga, ko da ana tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa gubar nan ce dai, ya ma fi gawayi saurin kisa.

Hayaƙin itace na yau da kullum shi ma yana ci, sai dai a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya, fiye da dubu 237 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Da hunturu iyayenmu mata sukan mai da girki cikin ɗaki don gudun iska, da goyo a baya. Gara a kewaye madafa da zana ta gefen iska, a bar sama a buɗe, a kuma yi amfani da busasshen itace.

JARIRAI, MASU JEGO DA TSOFAFFI

Jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba, balle bakwaini. In haihuwa ta zo da asubar hunturu, a tsane shi da busasshen zane nan take, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula, a ba shi nono. Ma'aikatan lafiya yanzu suna cewa a jinkirta wankan fari har sa'a 24. Mun san wannan yana yi wa kakanni mata nauyi, amma jaririn da aka wanke da asuba yakan yi sanyin da zai hana shi kama nono. Wannan ɗora jariri a ƙirji likitoci ne suka soma shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben renon bakwaini ba su ishe su ba, yau kuwa duniya duka ta karɓa. Ba a biyan ko kwabo. In uwa ta gaji, uba ko kaka suna iya karɓa.

Game da mai jego, al'adarmu ta gasa ɗaki da hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa tana bukatar sassauci. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego na wannan yanki, suka danganta shi da yawan zafin da ake ba su da kuma kunun kanwa. Ɗumi kaɗan ya isa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, asibiti za a kai ta, kada a ƙara mata wuta.

Mura ba ta rabuwa da yara a wannan lokaci, yawancinta kuma takan wuce da kanta. Abin tsoro shi ne ta sauka ƙirji ta zama ciwon haƙarƙari. Kowane gida yanzu akwai waya mai agogo, to a ƙirga numfashin yaron cikin minti ɗaya yana kwance shiru. In bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50. Daga shekara guda zuwa 5, 40. In an ga haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan numfashi, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa man zafi.

Har wa yau, cunkushewa a ɗaki ɗaya a rufe ko'ina yana taimakon sanƙarau, wanda yakan taso daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, lokacin da ƙura ta riga ta busar da hanci da maƙogwaro. Manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da ya kama fiye da mutum dubu 100 a Nijeriya, ya kashe fiye da dubu 11. An soma allurar rigakafin nau'in da ya yi wannan ɓarna a 2011, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta soma sabuwar allura mai tare nau'i 5. In masu rigakafi sun zo, a fito da yara. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗigar jariri, ba a kwana da su a gida.

Tsofaffi kuwa sau da yawa ba su faɗi. Kaka tana ɗakinta ita kaɗai a ƙarshen gida, jikinta ba ya yin ɗumi kamar dā, ita ce kuma ta fi jawo kasko kusa da zane. A leƙa ta da dare da kuma da asuba, a kai mata kunu mai zafi da citta. In an same ta tana magana a harɗe, ko barci yana fizgarta jikinta kuma da sanyi, a ɗumama ta a hankali da barguna, a nemi taimako. Mai farfaɗiya kada a bar shi shi kaɗai a bakin wuta ko kaɗan. Ga masu cewa burkutu yana maganin sanyi, ɗumin da suke ji ruɗi ne. Giya tana buɗe hanyoyin jini na fata, zafin jiki ya tsere da sauri. Wanda ya sha ya kwanta a hanya da daren Disamba yana cikin hatsari ƙwarai.

Wanka kada a daina shi don ɗari, in ba haka ba ƙazuwa da kwarkwata su shigo. A mai da na yara tsakar rana, da ruwan da aka ajiye a rana ko aka ɗumama, a shafe su da man kaɗanya. A riƙa shan ruwa ko ba a ji ƙishi ba, gama iskar tana busar da jiki.

GOBARA

Da hunturu kome a bushe yake, jinka, zana, kara, harawa, ga kuma iska. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye noman shekara. Abin da ya ƙara mana hatsari a 'yan shekarun nan shi ne fetur. Kusan kowane mai noman rani yana da injin ban ruwa, ga babur, jarkar mai kuwa a ƙarƙashin gado ake ɓoye ta. Tururin fetur yana bin ƙasa ya tarar da garwashi ko fitila daga nesa, ba sai an zuba shi a wuta ba. A nema masa wuri dabam, nesa da ɗakin kwana da madafa. Kananzir ɗin da ba a amince da shi ba, a ɗiga kaɗan a ƙasa a waje a gwada da ashana daga nesa. In ya kama fuu kamar fetur, an gauraya shi, kada a zuba a fitila ko risho. Inda akwai lantarki, a cire hita daga soket in an ɗauke wuta, domin takan dawo ba kowa a ɗakin.

A share ciyawa kewaye da rumbu da inda aka tara harawa, faɗin taku biyar ko shida. Matasan da ke cinna wa jeji wuta don farautar gafiya, iyaye da masu unguwa su ja musu kunne, gama naman gafiya ba ya biyan rumbu. Masu dafa mazarƙwaila su tara tuƙar rake nesa da bakin murhu, su kuma kashe wuta sarai kafin su tashi. Kowane gida ya kwana da duro ko randa cike da ruwa, da bokitin yashi. Wutar fetur ko ta mai, yashi ake zuba mata, ruwa yaɗa ta yake yi.

In tufafin mutum sun kama, kada ya gudu. A kayar da shi, a naɗe shi da bargo ko a mirgina shi a ƙasa. Yadin leda da yawancin rigunan sanyi na gwanjo narkewa suke yi su manne da fata, don haka yaron da ke sanye da su ya zauna nesa da wuta. Ƙuna kuwa maganinta na fari ruwan sanyi ne mai tsabta, a yi ta zubawa har minti 20, sa'an nan a rufe da tsabtataccen zane. Kada a shafa ƙwai, ko man goge baki, ko manja, ko baƙin mai, ko toka. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, ko ta hannu, ko ta ƙaramin yaro, ta asibiti ce.

KAJI DA AWAKI

'Yan ƙungiya da yawa suna kiwon kaji don kasuwar Kirsimeti da sabuwar shekara, waɗansu kuma sukan ɗauko sababbin 'yan tsaki a tsakiyar ɗari. Ɗan tsako a makonsa na fari yana bukatar ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane mako. Wanda ba shi da ma'auni, tsakin da kansu za su gaya masa. In sun dunƙule wuri ɗaya suna hawan juna suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu gefen bango suna buɗe baki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci suna sha, daidai ne. Ana ɗumama su da tukunyar gawayi, amma a ɗora ta a kan bulo, a kewaye ta, a bar kafar iska a sama. Muna jan kunne ƙwarai a kan abu guda. Kada maigida ko yaronsa ya kwana a ɗakin renon tsaki don gadi. Ɗaki ne da aka lulluɓe da leda, da gawayi yana ci har safe.

Lokacin hunturu ne kuma annobar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle take share kajin gida, a ga kaza tana zawo, wuyanta ya murɗe, kafin mako guda akurki ya zama kango. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin irin wanda ake ɗigawa a ido, mai jure zafi, wanda ya dace da ƙauye. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka aikin ƙungiya ne. A haɗa kuɗi, a nemi malamin dabbobi, a yi wa unguwa duka rana ɗaya. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. 'Yan awaki da 'yan tumaki kuma a kange musu gefen iska da zana, a zuba busasshiyar ciyawa a ƙasa, a riƙa kwashe jiƙaƙƙiya. Ba su bukatar wuta a garke.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA SA A AJANDA

Bargo da rigar sanyi tsada suke yi da zarar ɗari ya kama. Ƙungiyar da ta ware kuɗi tun lokacin sayar da amfanin gona na fari, ta aiki mutum biyu Sabon Garin Zariya ko Kantin Kwari a Kano su sayo a sari, za ta samu rahusa, 'yan ƙungiya su biya kaɗan kaɗan. Muna kuma ba da shawara sakatare ya rubuta sunayen tsofaffin da ke kwana su kaɗai, da gwauraye, da gidajen da ake sa ran haihuwa tsakanin Disamba da Fabrairu. Zumuntar mata sun fi kowa sanin waɗannan gidaje. A raba su tsakanin 'yan ƙungiya, kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Matasa su ba da yini ɗaya na gayya don ɗaura zana a ƙarƙashin kwanon waɗannan ɗakuna da share kewayen rumbuna.

A ƙarshen taron kuma a tsai da wanda yake da mota ko babur mai kafa uku da za a tasa da dare in ta ɓaci, a amince da kuɗin mansa tun yanzu, a rubuta lambar wayarsa a bangon ɗakin taro inda kowa zai gani.